Fiyat ɗin Likitan Dabbobi

Da igiya aka jawo ta daga Birni,
ƙafa uku nata, ta huɗun aro ce.
Shekara goma sha tara tana kwance
tsakanin dutse da katangar gidan marigayi,
kaji na saka ƙwai a kujerar baya.
Mato ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba.
Ya tofar da tukar goro, ya ce,
"Barmu, ba ni kile sha uku."

Ranar Laraba muka sauke injin.
Fistan huɗu sun cije kamar muƙamuƙin kada.
Kwana tara muna shayar da su gazuwal,
safe da yamma, kamar masu jinya,
na uku ya saki, na ɗaya ya biyo shi,
na biyu sai da aka haɗa masa da guduma.

Mun aika Kano neman supap.
Ɗan aike ya dawo da dariyar ƴan kasuwa:
"Ta Torino? Ai ko kakarta ta riga mu gidan gaskiya."
Mato ya shiga bayan rumfa,
ya fito da sandar ƙarfe
wadda ya tsinta tun ana matsar gyaɗa a garin nan.
Ya ce abin da babu a kanti
yana barci a cikin wani abin.

Tur ɗinmu ya girme ni.
In wuta ta zo, ba ma salla sai da sauri,
in ta tafi, mu zauna mu dubi ƙarfe,
shi ma yana dubanmu.
Tatsiniyar ƙarfe na zuba a ƙasa, shuɗiya, murɗaɗɗiya,
kamar gashin da aka tsefe.

A yankan ƙarshe hannunsa ya tsaya.
Ya kai ma'auni kusa da hanci, ya nisanta shi,
ya sake kawowa.
Na daɗe da ganin yanar da ke cin idonsa na dama,
ban taɓa faɗa ba, shi ma bai faɗa ba.
Ya matsa gefe. "Kauri ɗaya na fatar albasa.
In ka wuce, ba mu da wata sandar."
Shekara shida ina share masa ƙasa.
Gumi ya sauka ta gwiwar hannuna.
Na yanka.
Ya shafa da babban yatsa, ido rufe,
ya ce, "To." Iyakar yabon ke nan.

Hajiya Cima ta zo bayan la'asar ranar Asabar.
Ubanta ne ya saye ta hannun Turawan haƙar rijiya,
ya bi da ita rugage har bayan Tanut,
allurar shanu a cikin akwatin ƙanƙara.
Na murɗa makulli. Tari. Shiru.
Tari kuma, da baƙin hayaƙi,
sannan ta kama,
wata irin ƙara mai ɗan ɗingishi a tsakiya.
Mato ya ɗora sukurdireba a kan kulas,
ya manna kunne a ƙotar,
ya ce zai gyara ɗingishin nan gobe.

"Kar ka taɓa shi," in ji Hajiya.
"Da shi muke gane ta tun daga kwanar kasuwar Dole.
Mu bar wasa, mu wanke ƙafa,
inna ta sauke tukunya."

Na tambaya ina za a kai mata motar.
Ta ce ita ba ta iya tuƙi ba.
Ta zauna a kan tsohuwar batir, ta gyara lulluɓi.
"Kashe," ta ce. Na kashe.
Muka ji kiran magariba daga Zango.
"Sake tayar da ita."